Nazarin Lamari: Yaran Gidajen Reno na Bukarest da Tasirin Amsa Kukan Jariri

A shekarar 2000 wasu masu bincike uku daga Amurka, wato Charles Nelson da Nathan Fox da Charles Zeanah, suka fara wani aiki a birnin Bukarest na ƙasar Romaniya domin amsa tambayar da jami'an ƙasar suke jayayya a kanta a lokacin: shin yaron da iyayensa suka kasa riƙe shi, gidan reno na gwamnati ya fi masa, ko kuwa a ba da shi riƙo a hannun wani iyali? Sun bi rayuwar yara 136 tun suna jarirai har suka zama samari da 'yan mata, kuma abin da suka tattara ya wuce amsar waccan tambaya nesa ba kusa ba. Ya nuna abin da ke faruwa ga jaririn da ake ciyar da shi, ake yi masa wanka, ake kwantar da shi a kan lokaci, amma babu wani mutum guda da ke lura da halin da yake ciki ya amsa masa, sannan ya nuna abin da ke gyaruwa da abin da ke ƙin gyaruwa idan aka samar masa da irin wannan mutum daga baya.

Asalin lamarin

A shekarar 1966 gwamnatin Nicolae Ceausescu ta fitar da doka mai lamba 770, wadda ta haramta zubar da ciki sai a wasu 'yan yanayi ƙalilan, aka kuma tsaurara samun hanyoyin tazarar haihuwa, aka ɗora haraji a kan marasa 'ya'ya, duk domin a yawaita ma'aikatan ƙasa. A shekara mai zuwa yawan haihuwa ya kusan ninkawa. Da aka shiga shekarun 1980, gwamnati ta ɗaura ɗamarar biyan bashin ƙasashen waje, abinci da makamashi suka yi ƙaranci, iyalai da yawa suka ga ba za su iya ciyar da 'ya'yan da suka haifa ba, hukuma kuwa ta riga ta shaida musu cewa za ta iya renon yara kamar yadda iyaye za su yi. Lokacin da mulkin ya faɗi a watan Disamba na 1989, an tarar da yara fiye da 100,000 a gidajen reno. Duniya ta kira su marayu, amma yawancinsu iyayensu na raye.

Zuwa shekarar 2000 abinci da tufafi da magani sun inganta a gidajen Bukarest idan aka kwatanta da abin da aka gani a 1989, sai dai tsarin rayuwar yau da kullum bai canja ba. Gadaje a jere a babban ɗaki, ma'aikaciya guda tana duba yara 12 zuwa 15, kuma ma'aikatan suna karɓa-karɓa, ta yadda yaro zai iya ganin fuskoki masu yawa a cikin mako guda ba tare da ya san wadda za ta zo gobe ba. Lokacin cin abinci ɗaya ne ga kowa, lokacin barci ɗaya, lokacin zama a kan fo ma ɗaya. Jariri yakan shafe sa'o'i a kwance yana kallon rufin ɗaki. Waɗanda suka ziyarci irin waɗannan ɗakuna sun sha ambaton shirun da ke cikinsu, abin da mai kallo daga nesa zai iya ɗauka alamar natsuwa ce. Ya kamata a riƙe wannan a zuci tun daga yanzu, domin zai taimaka wajen fahimtar batun horo a gaba: gidajen nan ba su rasa tsari ba, hasali ma tsarinsu ya fi na kowane gida na iyali tsauri. Abin da babu shi ne alaƙa tsakanin abin da jariri ya yi da abin da ya biyo baya. Ya yi kuka ko bai yi ba, kwalbar madara za ta zo a lokacinta, ya yi murmushi ko bai yi ba, babu fuskar da za ta mayar masa.

Yadda aka tsara aikin

An zaɓi yaran 136 daga gidajen reno shida na Bukarest, masu watanni 6 zuwa 31 da haihuwa, matsakaicin shekarunsu kuwa watanni 22 ne, bayan an ware waɗanda ke da wata cuta ta haihuwa da aka gano. Aka auna kowane yaro, sannan aka yi ƙuri'a: 68 aka ba da su riƙo, 68 suka ci gaba da zama a ƙarƙashin kulawar hukuma kamar yadda suke. Aka kuma ɗauko wasu yara 72 na cikin gari waɗanda ba su taɓa zama a gidan reno ba, domin a sami ma'aunin kwatance. Tun da yake tsarin riƙo kusan babu shi a Bukarest a lokacin, masu binciken ne suka gina shi da kansu, suka tantance iyalai 56, suka horar da su, ana biyan su albashi, kuma ma'aikatan jin daɗin jama'a suna ziyartar su a kai a kai.

Ƙuri'ar nan ita ce ƙarfin binciken, ita ce kuma abin da ya fi jawo masa suka. Ƙarfinsa ce domin a sauran nazarce-nazarcen yaran da aka ɗauka riƙo, kullum akwai zargin cewa masu ɗauka sun zaɓi yaran da suka fi lafiya da fara'a, don haka ba a san ko sabon gida ne ya inganta su ko da ma sun fi sauran ba. Ƙuri'a ta kawar da wannan zargi. Sukar kuwa a bayyane take: ta yaya za a bar jarirai 68 a wurin da ake zaton yana cutar da su? Amsar masu aikin ita ce, ba don binciken ba da dukkan yaran 136 suna nan inda suke, kuɗin da ke hannu ba zai ɗauki kowa ba, kuma sun yi alkawarin ba za su hana hukuma mayar da kowane yaro ga iyayensa ko sama masa iyali ba. Haka kuwa aka yi, yara da yawa daga rukunin da aka bari sun fita daga gidajen reno a shekarun da suka biyo baya, amma aka ci gaba da lissafa su a rukuninsu na farko. Wannan yana nufin bambancin da aka samu tsakanin rukunan biyu ya fi kusa da a ce an rage shi a kan a ce an zuzuta shi. Amsar tana da ma'ana, ko da yake ba ta sa mai karatu ya daina jin nauyin abin a ransa.

Abin da aka tarar kafin a raba su

An auna shaƙuwar yaran da masu renonsu ta hanyar gwajin da masaniyar halayyar yara Mary Ainsworth ta ƙirƙiro, wanda ke ɗaukar kimanin minti 20. Ana shigar da yaro wani ɗaki da bai sani ba tare da mai renonsa, wata baƙuwa ta shigo, mai reno ta fita ta dawo, ta sake fita ta sake dawowa. Abin da masana suka fi dubawa shi ne lokacin dawowar. Yaron da shaƙuwarsa ke da aminci yakan nufi mai renonsa, ya bari a rarrashe shi, hankalinsa ya kwanta, ya koma wasa. Wani yakan kau da kai kamar bai damu ba, wani ya manne yana fushi ya ƙi rarrasuwa. Akwai kuma rukunin da Mary Main da Judith Solomon suka bayyana daga baya, na yaran da shaƙuwarsu ta rikice: su taho su tsaya cak a tsakiyar hanya, ko su matso suna juya baya, ko su daskare kamar sun rasa inda za su nufa.

Ga yaran gidajen reno, an yi gwajin ne da ma'aikaciyar da abokan aikinta suka ce yaron ya fi so. Kashi 19 cikin 100 ne kawai suka nuna shaƙuwa mai aminci, alhali a yaran cikin gari kashi 74 ne. Kashi 65 cikin 100 shaƙuwarsu a rikice take, wasu kimanin kashi 13 kuwa ba a ma iya sanya su a kowane rukuni ba, saboda fitar mai reno da dawowarta duk ɗaya ne a wurinsu. Da aka sake duba faifan bidiyon gwajin da wani ma'auni na yadda shaƙuwar ta kafu sosai, dukkan yaran cikin gari sun kai matakin ƙarshe, amma a yaran gidajen reno kashi 3 cikin 100 ne kaɗai suka kai. Fiye da kashi 60 cikin 100 na yaran gidajen reno kuma suna yin wani motsi na maimaici, kamar jijjiga jiki gaba da baya ko buga kai, wanda ake fassarawa da ƙoƙarin jaririn na lallashin kansa da kansa. Na'urar auna motsin lantarkin ƙwaƙwalwa ta nuna tasu tana aiki irin na yaran da ba su kai su shekaru ba.

Wani abu da aka lura da shi a wannan mataki yana da muhimmanci ga hujjar wannan nazari. Ko a cikin gidajen renon, yaran ba ɗaya suke ba: waɗanda aka ga ma'aikaciyarsu tana lura da su tana amsa musu sun fi sauran kafuwar shaƙuwa. Tun kafin babban aikin, Anna Smyke da abokan aikinta sun kwatanta wani sashe na gwaji a ɗaya daga cikin gidajen, inda aka rage yawan ma'aikatan da ke karɓa-karɓa a kan rukunin yara guda zuwa 'yan ƙalilan tsayayyu, suka tarar alamun matsalar shaƙuwa sun ragu a wurin, alhali gini ɗaya ne, abinci ma ɗaya.

Me ya sa amsa take da wannan nauyi

Jariri ba ya iya kwantar da hankalinsa shi kaɗai. Idan yunwa ko tsoro ko gajiya ta taso masa, bugun zuciyarsa yana ƙaruwa, numfashinsa yana sauri, jikinsa yana sakin kotisol, wato sinadarin da jiki ke fitarwa idan ya shiga matsi, kuma sassan ƙwaƙwalwar da za su iya danne wannan tashin hankali ba su nuna ba tukuna. Babban da ya ɗauke shi, ya sassauta murya, ya gano abin da ke damunsa, shi ne ke yi masa wannan aiki daga waje. Idan hakan ya maimaitu sau da yawa a hannun mutum guda, jaririn yana koyon abubuwa biyu a tare: cewa damuwa tana da ƙarshe, da kuma cewa alamar da ya bayar tana motsa wani. Daga na farko ake samun iya haƙuri da jure ɓacin rai, daga na biyu ake samun sha'awar mu'amala da mutane, domin babu dalilin da zai sa yaro ya ci gaba da gwaranci da nuni da yatsa idan babu mai mayar masa.

Edward Tronick ya nuna saurin da jariri ke gane yankewar wannan musaya a gwajinsa na daskararriyar fuska, wanda aka wallafa a 1978. Uwa tana wasa da jaririnta ɗan watanni kaɗan, sai a ce ta tsayar da fuskarta, babu murmushi babu magana, na kamar minti biyu. Jaririn yakan fara da ƙoƙarin dawo da ita, ya yi murmushi, ya ɗaga hannu, ya yi ƙara, in abin ya ci tura ya kau da kai, jikinsa ya saki, ya fashe da kuka. Abin da yaran Bukarest suka rayu a cikinsa ya yi kama da wannan minti biyu, sai dai nasu ya ɗauki watanni.

A nan akwai buƙatar taka-tsantsan, domin ana yawan amfani da labarin Romaniya wajen tsorata iyayen da ba su yi laifin komai ba. Wani binciken na Tronick ɗin nan dai ya nuna cewa ko tsakanin uwa da jariri masu lafiyayyar alaƙa, lokacin da suke daidai da juna bai wuce kimanin kashi 30 cikin 100 na mu'amalarsu ba. Sauran lokacin saɓani ne da gyara: ta ɗauka yunwa ce ashe barci ne, ta yi masa wasa alhali ya gaji, ya kau da kai, ta gane, ta sassauta. Gyaran nan shi kansa darasi ne ga jariri, watakila ma shi ne babban darasin. Mahaifin da ya makara wajen ɗaukar jaririnsa saboda yana wani aiki, ko mahaifiyar da gajiya ta sa ta ɗaga murya sannan ta dawo ta rarrasa, ba su kusa da yanayin gidan reno ba ko kaɗan, inda saɓanin yake faruwa amma gyaran ba ya zuwa.

Abin da ya faru a gidajen riƙo

Watannin farko ba su zo da sauƙi ba. Yaron da ya shafe kusan shekara biyu a cikin gado ɗaya yana shiga gida ne da halayen da suka dace da inda ya fito: matsalar barci da ta cin abinci, tsoron abubuwan da bai saba gani ba, bori mai tsanani, jijjiga jiki, wani lokaci da duka ko cizo. Wani ba ya neman kowa idan ya ji ciwo, wani kuwa kowa ya gani sai ya miƙa masa hannu. Aikin ma'aikatan jin daɗin jama'a, waɗanda ƙwararru daga Jami'ar Tulane ta Amurka ke ba su shawara a kai a kai, shi ne su taimaki iyayen riƙo su fahimci waɗannan halaye, su riƙa yi wa yaran magana da yawa, su sa rayuwar gida ta zama abin da yaro zai iya hasashensa, kuma su ɗauke shi a matsayin ɗansu na dindindin maimakon baƙon da aka ajiye na ɗan lokaci.

Da yaran suka kai watanni 42, kashi 49 cikin 100 na waɗanda aka ba da riƙo sun nuna shaƙuwa mai aminci, a rukunin da aka bari kashi 18 ne, a yaran cikin gari kuwa kashi 65. Waɗanda suka shiga gidan riƙo kafin su cika watanni 24 sun fi samun wannan sakamako. A wani gwaji da aka yi musu wasan 'yartsana da wasan ɓoye fuska a watanni 30 da 42, yaran riƙo sun fi nuna farin ciki da mayar da hankali, kuma wannan na cikin abubuwan da suka fi saurin farfaɗowa. A ma'aunin basira na watanni 54, matsakaicin makin rukunin da aka bari 73 ne, na yaran riƙo 81, na yaran cikin gari 109, wato an sami ci gaba na gaske amma giɓin bai rufe ba. A wannan shekarun ne kuma aka ga matsalolin fargaba da ƙuncin rai sun kai kashi 44 cikin 100 a rukunin da aka bari, a yaran riƙo kuwa kashi 22, kuma 'yan mata sun fi maza cin moriyar.

Akwai abubuwan da suka ƙi sauyawa. Matsalar rashin tattara hankali da yawan ƙiriniya ba ta ragu da riƙo ba. Rashin ƙiwa ma ya daɗe. A watanni 54 an tura wata baƙuwa ta ƙwanƙwasa ƙofa ta ce wa yaro ya biyo ta tana da abin da za ta nuna masa, kimanin kashi ɗaya cikin uku na yaran da suka taɓa zama a gidan reno suka bi ta ba tare da waiwaye ba, alhali a yaran cikin gari da ƙyar aka sami mai bi. Manya sukan yaba wa yaron da ba ya ƙiwa, su ce yana da son mutane, amma ɗan jinkirin da ƙaramin yaro ke yi a gaban baƙo, da waiwayen da yake yi ya dubi fuskar mai renonsa kafin ya matsa, shaida ce cewa ya san nasa.

Da suka kai shekara 12, Katie McLaughlin da abokan aikinta suka auna yadda jikinsu ke amsa matsin lamba, suka tarar na rukunin da aka bari ya dusashe, kotisol ɗinsu ba ya tashi yadda ya kamata, yayin da na waɗanda aka ba da riƙo kafin watanni 24 ya yi kusa da na yaran cikin gari. Wani binciken da Michael Rutter ya jagoranta a kan yaran Romaniya da aka kai Ingila ya sami iyaka da ta fi wannan kusa, domin a can waɗanda suka bar gidan reno kafin watanni 6 ne suka kamo takwarorinsu kusan gaba ɗaya. Ba za a ce akwai wata rana guda da ƙofa ke rufewa ba, kowane fanni da nasa lokacin, sai dai duk binciken sun haɗu a kan cewa jinkiri yana da tsada.

Sakamakon da marubucin wannan nazari yake ganin ya fi kowanne zurfi shi ne wanda Kathryn Humphreys da abokan aikinta suka wallafa a 2015. Sun duba halin bushewar zuciya da rashin tausayi a shekara 12, suka ga ya ragu sosai a yara mazan da aka ba da riƙo. Da suka koma ga faifan da aka ɗauka yaran suna da watanni 42 domin gano dalili, sai suka ware abubuwa biyu da aka saba haɗawa: fara'a da nuna ƙauna gaba ɗaya, da kuma yadda mai reno ke amsawa a lokacin da yaro yake cikin damuwa. Na biyun ne ya bayyana bambancin. Wasa da sumbata a lokacin da yaro yake cikin nishaɗi abu ne mai kyau kuma mai sauƙi, amma abin da ya bar alama bayan shekaru takwas shi ne abin da aka yi masa a lokacin da yake kuka, lokacin da ya fi wuyar sha'ani.

Inda horo ya shigo

Aikin Bukarest bai gwada hanyoyin horo ɗaya da ɗaya ba, amma ya haska wurin da horo yake tsayawa. A gidajen reno yara suna rayuwa cikin tsari mai tsauri, kuma wannan bai haifar musu da iya riƙe kai ba, domin da aka fitar da su daga tsarin an ga bori da duka a wurinsu. Tsarin da ake ɗora wa yaro daga waje yana aiki ne muddin bangon yana nan. Abin da iyaye suke nema da horo wani abu ne dabam, wato yaron da zai janye hannunsa daga abin da aka hana shi ko da babu mai kallo.

Tun a 1971 Donelda Stayton da Robert Hogan da Ainsworth suka duba jarirai 'yan watanni 9 zuwa 12 a gidajensu, suka ga waɗanda iyayensu mata suka fi lura da alamunsu su ne suka fi tsayawa idan aka ce musu a'a, yawan umarni da yawan fizge yaro kuwa ba su ƙara biyayya ba. Grazyna Kochanska ta Jami'ar Iowa ta bi wannan layi shekaru da yawa, ta nuna cewa idan amsa juna ta kafu tsakanin yaro da mahaifinsa ko mahaifiyarsa a farkon rayuwa, yaron yakan karɓi doka da zuciya ɗaya daga baya, kuma ba a buƙatar ƙarfi da yawa wajen juya shi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Hanin wanda kake gudu zuwa gare shi idan ka tsorata yana da nauyin da hanin baƙo ba shi da shi.

Ga jariri ɗan ƙasa da shekara ɗaya da rabi, horo a aikace bai wuce kawar da abin haɗari daga inda hannunsa zai kai ba, da ɗauke shi daga wurin, da faɗin a'a a taƙaice cikin murya tsayayya, da miƙa masa wani abin da zai yi, da maimaita haka gobe da jibi ba tare da an ɗauki komawarsa a matsayin raini ba, domin sashen ƙwaƙwalwar da ke taka wa sha'awa birki yana ɗaukar shekaru kafin ya ƙarfafa. Idan ya fashe da kuka saboda an hana shi, ana iya rarrashinsa ba tare da an janye hanin ba. Mutane da yawa suna ganin dole a zaɓi ɗaya, ko a ba shi abin ko a bar shi ya yi ta kuka don ya ji a jikinsa, alhali a haɗa hani da rarrashi shi ne yake koya masa cewa ana iya rasa abu a rayu.

Duka da tsawa mai firgitarwa suna jefa jariri cikin wani hali na musamman, wanda Main da Erik Hesse suka bayyana a 1990: tsoro yana tura shi ya nufi mai renonsa, amma mai renon ne abin tsoron, don haka babu inda zai nufa. Wannan ne suka danganta da rikicewar shaƙuwa, irin wadda aka gani a yaran Bukarest ta wata hanyar dabam. Daphne Bugental da abokan aikinta sun ruwaito a 2003 cewa jariran da ake yawan duka kotisol ɗinsu yana tashi fiye da kima idan suka shiga matsi. A 2016 kuma Elizabeth Gershoff da Andrew Grogan-Kaylor suka tattara binciken da ya shafi yara fiye da 160,000, suka ga dukan horo yana tafiya tare da ƙarin faɗa da taurin kai da matsalolin tunani, ba su kuma sami alaƙarsa da ingantuwar hali ba. Gaskiya ne waɗannan alƙaluma dangantaka suke nunawa, kuma yaro mai wuyar hali yana iya jawo wa kansa duka fiye da mai sanyi, amma ga jaririn da bai kai ga haɗa zafin da ya ji da laifin da ake nufi ba, da wuya a kawo hujjar cewa ya koyi wani abu ban da tsoron hannun.

Abin da ya biyo baya

A shekarar 2004 Romaniya ta zartar da doka mai lamba 272 kan kare haƙƙin yara, wadda ta hana ajiye yaro ɗan ƙasa da shekara biyu a gidan reno sai mai naƙasa mai tsanani, ta kuma haramta dukan yara a gida da makaranta da wuraren kulawa. Dalilai da yawa ne suka kai ga dokar, ciki har da matsin Tarayyar Turai da ƙasar ke neman shiga, amma sakamakon farko na binciken yana hannun jami'ai a lokacin.

Da yaran suka cika watanni 54, tallafin aikin ya ƙare, hukumomin ƙananan yankunan Bukarest suka karɓi kula da gidajen riƙon. Daga nan hanyoyin yaran suka rarrabu. Wasu sun ci gaba da zama da iyalin da suka fara shiga, wasu an mayar da su ga iyayen da suka haife su bayan shekaru na rabuwa, wasu an sauya musu gida. A binciken shekara 12, waɗanda suka zauna a gida ɗaya tun farko sun fi ƙarancin matsalolin fargaba da na fitina, waɗanda aka katse musu zama kuwa alamunsu sun fi kusa da na rukunin da aka bari tun farko. Wannan ɓangare ba ƙuri'a ce ta raba shi ba, don haka ana karanta shi da hattara fiye da sauran, tun da yake yana yiwuwa wasu yaran an sauya musu gida ne saboda wahalar halinsu. An sake auna su suna da shekara 16, kuma a nan ma yaran da ba a raba su da iyayen riƙonsu na farko ba su ne suka fi sauran zama lafiya.